Hanyar da Murya Ke Bi Tsakanin Kwamfuta da Hedfon Mara Waya

Aikin ƙaramin kamfaninmu shi ne haɗa hedfon mara waya da kwamfutocin ofisoshi da cibiyoyin amsa kira, ta yadda idan ma'aikaci ya buɗe baki, wanda ke ɗaya ɓangaren zai ji shi tangaran. Ƙorafin da ya fi kawo mana mutane kusan ɗaya ne: hedfon yana fitar da sauti mai daɗi idan ana sauraro, amma da zarar an shiga kira sai muryar ta dushe ko ta ɓace gaba ɗaya. Yawancinsu sun riga sun yanke hukuncin cewa hedfon ne ya lalace, alhali sau da yawa lafiyarsa ƙalau, matsalar tana kan hanyar da muryar ke bi.

Bluetooth da aka saba da shi na da hanya biyu ta ɗaukar sauti. Ta farko, wadda ake kira A2DP, tana kai sauti mai inganci daga kwamfuta zuwa kunne, amma ba ta dawo da komai daga makirfo. Ta biyu ita ce ta kira, wato HFP da tsohuwar HSP, wadda ke kai murya ta kuma dawo da ita a kan layi na musamman mai suna SCO, wanda ƙarfinsa bai wuce kilobit 64 a daƙiƙa ba. Da zarar wata manhaja ta buɗe makirfo, hedfon yakan sauka daga ta farko ya hau ta biyu. Idan tsohon tsarin matse murya na CVSD aka samu, ana ɗibar sauti sau 8,000 ne kawai a daƙiƙa, don haka duk abin da ya haura kilohaz 4 yakan zube, har "s" da "f" su riƙa cakuɗewa a kunnen mai sauraro. A shekarar 2011 HFP 1.6 ya zo da sabon tsarin matse murya na mSBC mai ɗibar sau 16,000, kuma bambancin a bayyane yake, sai dai dole ne hedfon da guntun Bluetooth na kwamfuta (wato chip) da direbansa, manhajar da ke sarrafa shi, duk su amince da shi, in ba haka ba a koma wa tsohon ba tare da an sanar da kowa ba.

Wannan bin sawun murya na koye shi ne a hannun maigidana, dattijo mai haƙuri wanda ya faro daga gyaran rediyo. Wata rana aka kawo mana wata ƙaramar kwamfuta wadda kira ke shiga, fitilar hedfon ta nuna an haɗu, amma shiru kake ji. Bai taɓa madannai ba. Ya miƙo mini tsinken na'urar auna sigina, ya ce, "Yaro, ɗora a ƙafafun nan huɗu na guntun, ka faɗa mini abin da ka gani." Ina ɗorawa sai ga layi yana rawa a kan allo duk lokacin da ya yi magana. Ashe guntun yana tura muryar ta ƙafafun PCM, waɗanda aka tanada domin a haɗa su kai tsaye da wani guntun sauti, kuma a wannan kwamfutar ba a haɗa su da komai ba. Umarni guda muka aika wa guntun ya karkatar da muryar ta HCI, hanyar da yake magana da kwamfuta, zuwa cikinta, nan take sauti ya fito. Har yau duk yaron da ya zo koyon aiki wurina, da wannan gwajin nake fara masa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a sana'ar nan shi ne jabun dongil na USB, wato 'yan na'urorin Bluetooth da ake soka wa kwamfuta, da suka cika kasuwa. Kwalinsu da tambarinsu kamar na asali, kuma suna kunna waƙa lafiya lau, shi ya sa mai saye ke tafiya da murna. Amma kira yana buƙatar a riƙa isar da murya a kan lokaci ba tare da jinkiri ba, kuma a nan ne asirinsu ke tonuwa da ƙaraf-ƙaraf da yankewa. Mun sha buɗe kwali mu tarar da dongil da yawa ɗauke da adireshin Bluetooth iri ɗaya, abin da ke sa hedfon wannan tebur ya riƙa neman kwamfutar wancan. Duk da haka sai ka ga mai ofis ya tsaya yana ciniki, yana cewa ya ga irinsa da araha. Mu kuwa kowane ɗaya sai mun yi kira na gaske da shi, mun naɗi muryar, mun duba ko akwai sauti sama da kilohaz 4 kafin ya bar teburinmu.

Ɓangaren manhaja ma na da nasa tarihin. Lokacin da BlueZ 5, manhajar Bluetooth ta Linux, ya fito a ƙarshen 2012, masu amfani da Linux sun daɗe suna fama da makirfon hedfon, kuma zuwan manhajar sauti ta PipeWire ya sauƙaƙa mana aiki ƙwarai. A Windows 10 hedfon ɗaya kan bayyana a matsayin na'ura biyu, kuma zaɓen wadda ba ta dace ba ya isa ya hana ma'aikaci jin abokin maganarsa.

Sai kuma cunkoson iska. Bluetooth da Wi-Fi suna raba zangon gigahaz 2.4, tashar USB 3.0 kuma tana fitar da hayaniya a daidai wannan zangon, don haka mukan nisanta dongil daga jikin kwamfuta da gajeriyar waya, mu mayar da Wi-Fi kan gigahaz 5. Idan ma'aikata sun yi yawa a ɗaki ɗaya, shawararmu ita ce a koma hedfon DECT, wani tsarin mara waya da ba Bluetooth ba, wanda ke da nasa zangon daban. Sabon tsarin Bluetooth na LE Audio da aka sanar a 2020, mai matse murya da LC3, ya kyautata muryar kira sosai, amma shi ma sai kwamfuta da hedfon duka sun iya shi, kuma 'yan jabu sun riga sun fara buga sunansa a kan kwali. Saboda haka duk wanda aka kawo mana da wannan suna, sai ya bi ta gwajin naɗin murya kamar sauran kafin mu saka shi a ofishin kowa.