Motar farko ga yaro ɗan 18: ni dai ƙaramar manuwal nake ba da shawara

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 maganar sayen mota ta canza, da in an je duba mota tambayar ita ce tana gudu? yanzu kowa sai ka ji ya ce ya shan manta. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta taɓa dubu a ƙarshen 2024, to wanda zai saya wa ɗansa motar zuwa makaranta dole ya zauna ya yi lissafi, don kuɗin mota sau ɗaya ake biya amma mai kullum ne, kuma daga aljihun uban zai dinga fita.

Ɗan yayana ya cika 18 ya samu Jami'ar Bayero ta Kano (BUK), gidansu kuma da nisa, shi ne uban ya ɗora min neman motar. Yaron ya same ni ya ce "Baffa don Allah ka sa baki Abba ya saya min Accord, ko EOD ce," wato wani tsohon samfurin Honda Accord da ake wa wannan laƙabi. Na ce masa a'a, kuma har zuciyata nake nufi. Babbar mota mai ƙarfin inji, musamman V6 mai silinda shida, a hannun wanda jiya-jiya ya fara riƙe sitiyari ba gata ba ce, ka ɗan taɓa totur ta zabura, ga abokai a baya suna zuga shi, ga shi a cikin gari sai ta sha kusan ninkin abin da ƙaramar mota za ta sha.

Dalilina na nacewa kan manuwal shi ne motocin da kuɗinmu ke iya kaiwa tsofaffi ne, 'yan Kwatano ko na hannu, kuma a motocin wancan zamanin otomatik ɗin yawanci giya huɗu gare ta, manuwal kuwa biyar, shi ya sa manuwal ta fi sauƙin mai. Sababbin otomatik na yanzu sun rage wannan tazarar sosai amma wa ke da kuɗinsu. Sannan in kuloci ya ƙare a canza faranti a wuce wajen, giyabos ɗin otomatik kuwa in ya tashi lalacewa sai an dafe kai. Abin da ya fi min ma shi ne hannun yaron biyu duk suna da aiki, ɗaya a sitiyari ɗaya a giya, babu sararin latsa waya a cunkoson Kabuga.

Inji daga 1.0 zuwa 1.6 ya isa. Toyota Yaris mai 1.3 ita na fi so, in tana da lafiya wajen lita 6 zuwa 7 take sha a kilomita 100, kuma a kanta muka tsaya. Corolla ta 2003 zuwa 2007 ma ba laifi, sai dai 'yar Amurka 1.8 ce kuma kusan duk otomatik ake kawowa, manuwal mai 1.4 ko 1.6 sai cikin na Turai. Honda Jazz tana da sauƙin mai da fili a ciki, amma a sani mai injin i-DSI filogi takwas gare ta, biyu a kowace silinda, wasu makanikai huɗun gaba kawai suke canzawa su bar na baya, sai mota ta dinga shan mai ana ta mamaki. Peugeot 206 akwai araha, matsalarta wayarin in ba a samu mai gyaran da ya san ta ba. Golf 3 kuwa kowa ya san juriyarta kuma kayanta birjik a Kofar Ruwa, amma ta tsufa, da yawansu babu ABS, na'urar da ke hana tayoyi kafewa in an taka birki da ƙarfi, wasu ma babu airbag, jakar iskar da ke kare mutum in an yi karo, ni kam ba zan saka ɗan mutum a ciki ba don kawai a rage kuɗin mai. Rai ya fi lita.

In za a je dubawa a tafi da makaniken da aka yarda da shi. A murɗa makulli a ga fitilun ABS da airbag da check sun kama sannan sun mutu bayan an tayar, in ba su kama ba tun farko wataƙila cire ƙwan aka yi. A leƙa ƙasa a ga ko an yanke indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi. A duba ko an cire tamostat, mai daidaita zafin inji, an haɗa fanka dairek, wannan al'adar ta garejinmu tana hana inji kaiwa zafin da ya kamata, kwamfutar motar sai ta yi ta ƙara mai tana zaton har yanzu injin da sanyi. Kuloci kuma in sai an ɗaga ƙafa can sama yake kamawa to ya kusa ƙarewa, a rage a ciniki.

Sauran aikin na ƙafar yaron ne. Ya je makarantar koyon tuƙi mai rajista ya karɓi lasin ta hanyar da ta dace, kar a yi masa na bayan fage. A koya masa sauke ƙafa daga kan kuloci da zarar ya canza giya, da tashi a hawa da hambirki, da shiga giya ta gaba da wuri ba sai inji ya yi kuka ba. Sai maganar sa mota a firi a gangara wai don a adana mai, wannan a hana shi tun yanzu, motar injekta in ka bar ta a giya ka ɗaga ƙafa daga totur da kanta take yanke mai, a firi kuwa injin na ci gaba da sha, ga shi nauyin motar duk ya koma kan birki kaɗai.