Angels da Ohtani a Yulin 2023: a rushe a sake gini, ko a ci gaba da neman kofi?

Duk shekara idan Yuli ya kusa ƙarewa, ƙungiyoyin besbol na Amurka da ke tsakiyar teburi sukan shiga tsaka mai wuya. Kasuwar musayar 'yan wasa tana gab da rufewa, dole kowa ya bayyana matsayinsa, mai saye ne shi ko mai sayarwa. Na sama sun san za su saya, na ƙasa sun san za su sayar. Waɗanda ke tsakiya su ne ke yin kuskuren da ake shekara biyar ana biya, kuma a 'yan shekarun nan babu wadda ta nuna haka ƙarara kamar Los Angeles Angels a 2023.

Wanda ya saba da Firimiyar Ingila sai ya ajiye lissafin can a gefe. A gasar MLB ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 162 a kaka, kuma ba a saukar da kowa zuwa ƙaramin rukuni. Ko ka sha kashi sau 110, baɗi kana nan a inda kake, har ma a saka maka da damar zaɓen matasa tun da wuri. Sannan ba kasafai ake sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi ba, musaya ake yi, ka ba da gwani ɗaya ka karɓi samari uku ko huɗu da ake renon su a ƙananan ƙungiyoyi. Abin da ke yanke farashi kuwa shi ne shekarun da suka rage wa ɗan wasan a hannunka. Matashin da ya hau babbar gasa yana ƙarƙashin ikon ƙungiyarsa har kaka shida. A ukun farko albashinsa ba ya nisa da mafi ƙarancin albashi, wanda a 2023 dala 720,000 ne. A ukun da ke biye ana daidaita albashin ta hanyar masu sasanci, yana hawa kowace shekara. Daga nan ya zama mai cin gashin kansa, ya tafi inda aka fi ba shi. Saboda haka gwanin da ya rage wa shekara biyu da rabi dukiya ce babba, wanda ya rage wa wata biyu kuwa ɗan haya ne, farashinsa ya faɗi sosai komai iyawarsa.

Shohei Ohtani wata biyu suka rage masa. Shi ne ɗan Japan ɗin nan da ke jifa kuma yake dukan ƙwallo, duka biyun a matakin ƙwararru, abin da ba a gani ba tun zamanin Babe Ruth, gwanin besbol na kimanin shekara ɗari da suka wuce. Albashinsa a wannan kakar dala miliyan 30 ne, kuma kowa ya san da kaka ta ƙare zai shiga kasuwa. Angels rabon su da shiga zagayen neman kofi tun 2014, rabon su da gama kaka da nasara fiye da rashin nasara tun 2015. Ɗayan gwanin nasu, Mike Trout, ya karye a wani ƙaramin ƙashi na tafin hannu tun farkon Yuli. Anthony Rendon, da suka ɗauka kan dala miliyan 245 na shekara bakwai, yana jinya kamar yadda ya saba. Daga 2020 zuwa 2024 bai taɓa buga wasa 60 a kaka ɗaya ba.

Lissafin da ya kamata a yi a irin wannan rana ba shi da wuya. A daren 31 ga Yuli Angels na da nasara 56 da rashin nasara 51, saura wasa 55. Gurbi na ƙarshe na shiga zagayen neman kofi a ɓangarensu na gasar Toronto ce ta ɗauke shi da nasara 89, kuma a lokacin ma ana iya hasashen cewa iyakar za ta tsaya wajen nan. Wato sai sun ci 33 cikin 55, kashi 60 cikin ɗari. Ƙungiyar da ta yi wata huɗu tana cin kashi 52 cikin ɗari, ba tare da Trout ba, ana so ta koma tana wasa kamar mai nasara 97 a kaka. Ba su kaɗai ke bin gurbin ba kuma, akwai wasu ƙungiyoyin a gabansu da dole su wuce. Mutane sukan kalli tazarar wasa uku da ke tsakanin Angels da gurbin a ranar su ce ai kusa ne, amma yawan waɗanda ke tsakaninka da gurbin ya fi tazarar muhimmanci, don ba zai yiwu dukansu su faɗi lokaci guda ba.

Mai ƙungiyar, Arte Moreno, ya hana a sayar da Ohtani. A maimakon haka shugaban sashen 'yan wasa, Perry Minasian, ya shiga kasuwa saye. Ya karɓo masu jifa biyu daga Chicago White Sox, Lucas Giolito da Reynaldo López, ya ba da Edgar Quero da Ky Bush, waɗanda ke cikin samari mafiya daraja a rumbun da dama ba shi da kauri. Ya ƙaro C.J. Cron da Randal Grichuk daga Colorado, da Dominic Leone daga New York Mets. Dukansu 'yan haya ne. A yi adalci: ranar 27 ga Yuli a Detroit, Ohtani ya jefa wasa cikakke bai bari an ci maki ko ɗaya ba, dukan kirki ɗaya kacal aka samu a kansa, sannan a wasa na biyu na ranar ya doki ƙwallo ta fice daga fili sau biyu, dukan da ya fi kowanne daraja a besbol. Wanda ya kalli wannan ranar zai gane dalilin da zuciya ta rinjayi alƙalami.

Agusta na shigowa suka sha kashi sau bakwai a jere. Giolito ya fara wasa shida, nasara ɗaya ya samu. Ranar 23 ga wata jijiyar gwiwar hannun Ohtani ta yage, jifa ta ƙare masa a kakar. Kafin wata ya mutu, ƙungiyar ta zuba 'yan wasa shida a jerin waɗanda kowa zai iya ɗauka kyauta muddin zai biya sauran albashinsu. Cleveland ta kwashi Giolito da López da Matt Moore, Cincinnati ta ɗauki Hunter Renfroe, Seattle ta ɗauki Leone. Dalilin gwanjon shi ne a sauko ƙasa da dala miliyan 233, iyakar albashin da idan aka haura ake biyan haraji, saboda diyyar da za a ba su idan Ohtani ya tafi ta ɗan fi kyau. Daga 1 ga Agusta zuwa ƙarshe wasa 17 suka ci, suka faɗi 38, suka gama da 73 da 89. A Disamba Ohtani ya koma maƙwabtansu Los Angeles Dodgers kan dala miliyan 700 na shekara goma. Abin da Angels suka samu a madadin gwanin da ba a taɓa ganin irinsa ba shi ne damar zaɓen matashi ɗaya tsakanin zagaye na biyu da na uku na zaɓen matasa. Ba tsuntsu ba tarko.

To, masu cewa a rushe komai su ma kada su yi saurin tafi. Misalin da suke kawowa kullum Houston Astros ne, waɗanda suka faɗi wasa 106 a 2011, 107 a 2012, 111 a 2013, sannan suka ɗauki kofi a 2017 (kofin da badaƙalar satar alamun abokan hamayya ta ɓata masa suna, amma wannan wata magana ce). Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Astros sun yi zaɓen farko shekara uku a jere, kuma ɗaya ne kawai ya yi musu amfani kai tsaye, Carlos Correa a 2012. Mark Appel na 2013 bai taɓa buga musu wasa a babbar gasa ba, Brady Aiken na 2014 ko hannu bai sa musu ba. Abin da ya fid da su shi ne sun zuba kuɗi a masu farautar matasa da masu horarwa da masu nazarin alƙaluma, har suka iya mayar da 'yan wasa na tsaka-tsaki gwanaye. Chicago Cubs ma haka. Dabararsu mafi riba ba faɗuwa da gangan ba ce: sun ɗauki Scott Feldman kan kwantiragin shekara ɗaya, ya yi wata uku yana jifa mai kyau, a Yulin 2013 suka miƙa shi ga Baltimore suka karɓi Jake Arrieta, wanda ya zama gwarzon masu jifa a 2015, shekara guda kafin su kawo ƙarshen jiran shekara 108.

Kuma ƙa'idar da Astros suka ci moriyarta an sauya ta. Tun yarjejeniyar 2022 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, ƙuri'a ake jefawa kan gurabe shida na farko a zaɓen matasa. Ƙungiyoyi ukun da suka fi lalacewa kowacce damar kashi 16.5 cikin ɗari take da shi na samun zaɓen farko. Ƙungiyar babban birni, irin wadda ba ta karɓar tallafi daga asusun rabon kuɗin shiga, ba za ta samu gurbi ta ƙuri'ar shekara biyu a jere ba, masu karɓar tallafi kuma ba za su samu uku a jere ba. White Sox sun ɗanɗana wannan: sun faɗi wasa 121 a 2024, mafi muni a tarihin zamani, amma na goma suka yi zaɓe a 2025. Su ɗin ma sakamakon rushewa ne. A Disambar 2016 suka sayar da Chris Sale da Adam Eaton, a 2017 suka bi da José Quintana, suka tara samari da kowa ke yabawa, ciki har da Giolito da López ɗin da aka ambata. Sun shiga zagayen neman kofi a 2020 da 2021, ba su tsallake zagaye ko ɗaya ba, rauni da rashin cike giɓi da kuɗi suka cinye ginin. Tara samari rabin aikin ne, kuma shi ne rabin mai sauƙi.

Wannan yarjejeniyar ce kuma ta faɗaɗa zagayen neman kofi zuwa ƙungiyoyi 12, abin da ke ƙara wa na tsakiya kwaɗayi. Philadelphia ta kai World Series, wato zagayen ƙarshe na cin kofi, a 2022 da nasara 87, Arizona ta kai a 2023 da 84 kacal. Masu kare Moreno sukan kawo Atlanta Braves ta 2021, wadda rauni ya raba ta da gwaninta Ronald Acuña a Yuli, lokacin da rashin nasararta ya fi nasararta yawa, ta sayo Joc Pederson da Adam Duvall da Eddie Rosario da Jorge Soler, ta ɗauki kofi da nasara 88. Amma bambancin a fili yake. Rukunin Braves a wannan shekarar ba shi da ƙarfi, ƙofar zama na ɗaya, wanda ke ba da gurbi kai tsaye, a buɗe take, alhali Angels na rukuni ɗaya da Houston da Texas da Seattle. Braves ba su taɓa manyan samarinsu ba, da tarkace suka yi sayayyar. Kuma ko da cacar ta faɗi, ginshiƙansu matasa ne masu sauran shekaru a hannu, baɗi za a sake gwadawa. Angels kuwa ran da cacarsu ta faɗi, da gwanin da samarin duk suka tafi tare.

A ganina hanyar da ta fi dacewa da ƙungiya mai kuɗi ita ce wadda New York Mets suka bi a wannan makon na rufe kasuwa a 2023. Su ne masu albashi mafi tsada a gasar, kakar ta ƙi, sai suka sayar da Max Scherzer ga Texas da Justin Verlander ga Houston, suka yarda za su ci gaba da biyan kaso mai tsoka na albashinsu domin a ba su samari mafiya kyau. Wato sun sayi matasa da kuɗi ta bayan gida. Ba su taɓa Francisco Lindor da sauran waɗanda za su yi amfani nan da shekara uku ba. Sun gama 2023 da nasara 75, a 2024 suka ci 89 suka kai zagayen kusa da na ƙarshe. Ƙa'idar aikin ita ce a ɗauki jerin 'yan wasa, a rubuta wa kowa shekarar da kwantiraginsa zai ƙare, sannan a faɗa wa kai gaskiya game da shekarar da ƙungiyar za ta iya cin wasa 90. Duk wanda zai tafi kafin wannan shekarar, ko zai tsufa kafin ta zo, na sayarwa ne, kuma tun yana da daraja.

Da wannan ma'aunin, kuskuren Angels ya riga Yulin 2023. A 2022 sun faɗi wasa 14 a jere, an kori mai horarwa Joe Maddon a Yuni, kakar ta mutu tun kafin rabi, ita ma da 73 da 89 ta ƙare. A lokacin Ohtani na da sauran shekara ɗaya da rabi. Ranar 2 ga Agustan wannan shekarar Washington ta sayar da gwaninta Juan Soto, bayan ya ƙi tayin dala miliyan 440, ta karɓo CJ Abrams da MacKenzie Gore da James Wood da wasu daga San Diego, kuma ukun nan duk sun zama 'yan wasan babbar gasa na sosai. Soto ya fi Ohtani sauran shekara guda a hannu, amma Ohtani aikin mutum biyu yake yi, farashin ba zai yi nisa da juna ba. Moreno a lokacin yana shirin sa ƙungiyar a kasuwa, ya sanar da haka a watan, sannan ya janye a Janairun 2023, kuma mai neman sayar da ƙungiya ba ya son rabuwa da wanda ke cika masa fili da tallace-tallacen kamfanonin Japan.

Ko da an sayar da shi ma, da sauran rina a kaba, don Angels ba su da tarihin renon matasa. A 2021 duka zaɓensu 20 masu jifa suka ɗauka, abin da ke nuna irin ƙishirwar da rumbun ke ciki, kuma sun saba hanzarta yara: Nolan Schanuel an zaɓe shi a Yulin 2023, kafin Agusta ya ƙare yana babbar gasa. Ƙungiya irin wannan, kafin ta yi maganar sayar da gwanaye, sai ta fara gyara masu horarwa da likitoci da masu farauta a ƙananan ƙungiyoyinta. A 2024, shekarar da Ohtani ya ɗauki kofi da Dodgers, Angels sun faɗi wasa 99, mafi yawa tun kafa ƙungiyar a 1961.