Kafin ka kwance tsohuwar 504, nemi leda da biro

Ku samari da kuka fara sha'awar tayar da tsofaffin motoci, musamman Fijo 504 ɗin da iyayenmu suka bari a gareji, ina so ku sani ba inji ne zai ba ku wahala ba. Inji ai ana samu, giyabos ana samu, fenti kuwa kuɗi ne kawai. Abin da zai sa mota ta yi ta zama a kan bulo har ciyawa ta fito ƙarƙashinta shi ne ƙananan tarkace, ɗan kilif ɗin da ke riƙe hannun ƙofa, robar gilashi, marfin fitilar sigina, ɗan sifirin ɗin kafireto.

Ni wautar da na yi, ranar da muka kwance motar duk wani abu mai tsatsa ko wanda ya tsage sai na ce yara su tara a buhu, ɗan gwangwan ya zo na sayar mai a kuɗin da ko shayi da burodi bai kai ba, wai ai kamfanin PAN mai haɗa Fijo ya yi ta haɗa 504 a Kaduna tun 1975 har wajen 2006, kayanta ba za su yi wuya ba. Manyan kaya dai akwai. Ƙananan kuwa sai na koma ina yawo a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ina kwatance da hannu, mai shago na kallona kawai yana cewa "Alhaji kawo tsohon mu gani". Tsohon kuma ya riga ya tafi narkawa.

Don haka ko abu ya karye biyu kar ka yar. Sa shi a leda, rubuta inda ka cire shi, hagu ko dama, ka ɗau hoto da waya kafin ka kwance da bayan ka kwance. Da shi za ka je kasuwa a gwada, in ma ba a samu ba mai injin sarrafa ƙarfe zai iya yanka maka irinsa.

Sannan kar ka ɗauka duk 504 ɗaya ce. Motar ta fito a Faransa tun 1968, an haɗa ta a Ajantina da Kenya da nan gida, kuma an yi ta canje-canje a tsakani. Hannun ƙofar na farkon daban yake da na baya, ƙafar bayan salun mai tsada daban da ta wagon da fikof. Na taɓa yin odar wayar totur ta intanet, na biya kuɗin jirgi da na kwastan, ta iso ashe ta mai sitiyarin dama ce irin ta Kenya. Laifina ne, ban tura lambar shasi ba, ban tambayi komai ba, hoto kawai na gani na ce ita ce.

Wani abin da ba wanda ya gaya min, Faransawa na son kusa mai lamba 7, wadda ake kwancewa da sifana 11, kuma ba kowane mai noti ke da ita ba. Yaron gareji in bai samu ba zai danna mai lamba 8 da ƙarfi ya kashe maka zaren ramin. Ka tsaya a kansa, ko ka riƙe nocinanka a gwangwani a gida.

Kayan inji da dama na 505 mai lita biyu suna shiga, wannan ya rage min yawo sosai. Ka kuma yi abota da tsofaffin makanikai da direbobin tasha da suka ja wagon zuwa Jos ko Maraɗi, su ne suka san gidan da aka jingine matacciyar 504 a bayan katanga. In ka samu irin wannan, ko a kasuwar Panteka ta Kaduna, kar ka cire abu ɗaya ka tafi, in ƙofa ce, yi cinikinta gaba ɗaya da kilif-kilif ɗinta da makullinta. Roba ce kawai ban yarda ka sayi tsohuwa ba, rana ta riga ta cinye ta, wannan kam nemi sabuwa ko da za ka jira.