201, 304 ko 316: wane sitenles za ka saya wa masana'anta?

A ido duk ɗaya ne, fari fes da ƙyalli. Sai tanki ya sha ruwa na wata shida sannan kowane ƙarfe zai nuna halinsa.

Abin da ke hana sitenles tsatsa shi ne kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Lamba 304 na da kuromiyam 18 da nikel 8, kuma ita ce ta tankin fiya-wata, yogot, zobo da teburin yanka nama. Lamba 201 kuwa an rage mata nikel an cike gurbin da manganis, shi ya sa take da arha. Ta yi daidai da makarin bene da ƙofa a busasshen gari irin Kano ko Maraɗi, amma kada ta kusanci jiƙaƙƙen aiki.

In akwai gishiri, ko ana wanki da bilic, ko kayan za su zauna a bakin teku kamar Legas, to a hau 316. Molibdenam ɗin da ke cikinta, kashi 2 zuwa 3, shi ke tare ƙananan ramukan nan masu kama da hujin allura, waɗanda kulorayid, sinadarin da ke cikin gishiri da bilic, ke haƙawa har tanki ya fara yoyo alhali jikinsa na sheƙi. Sai dai ruwan gishiri mai zafi, sama da digiri 60, yana iya tsaga har ita kanta. Wurin lamba 2205 ke nan, wani sitenles da ya fi 316 jure irin wannan tsagewar.

Maganar harafin L da ake gani a bayan lamba, kamar 304L: alama ce cewa kabon ɗin ƙarfen bai wuce kashi 0.03 ba. Zafin walda na sa kabon ya kame kuromiyam a gefen ɗinki, daga baya tsatsa ta bi layin waldar tiryan-tiryan. Ga ƙarfe mai kauri da za a yi wa walda, a nemi 304L ko 316L. Sandar walda 308L ce ta 304, 316L kuma ta 316. Burushi ko faifan gurza da ya taɓa baƙin ƙarfe ma kada ya hau kan sitenles, don ɓurɓushin da zai bari ne zai yi tsatsa.

Gwajin maganaɗisu da 'yan kasuwa ke tinƙaho da shi, wai in bai kama ƙarfe ba to mai kyau ne, ba hujja ba ce. Yana kama lamba 430, wani sitenles mai arha, gaskiya ne, amma ba ya bambance 201 da 304, kuma 304 ta gaske takan ɗan ja shi a inda aka lanƙwasa ta. A nemi takardar gwajin masana'anta, EN 10204 nau'in 3.1, a gwada lambar narkin da ke jikinta, wato lambar rukunin ƙarfen da aka narka tare, da wadda aka buga a jikin fallen. In odar babba ce, a ɗauko mai na'urar XRF, wadda ke nuna sinadaran da ke cikin ƙarfe, ya haska a gaban mai kaya.

A hau sikeli kuma. Fallen 304 mai faɗin mita 1.22 da tsawon 2.44, kaurin milimita 1, ya kamata ya kai kusan kilo 23.6. In ya tsaya a 19, mai kaurin 0.8 aka miƙo maka.