Ranar da ƙanƙarar soɓorodo ta ba ni kunya gaban 'yan aji

Ni malamin jogirafi ne a wata sakandare nan cikin garin Sakkwato, kuma ba abin da ke ba ni wuya a aikin nan kamar koyar da teku ga yaran da babban ruwan da sunka taɓa gani bai wuce Gulbin Rima da damina ba, sai ko wanda anka kai dam ɗin Goronyo. To balle a ce Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, za ka yi musu bayani, cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba wuta, kowa na fifita da littafi kai kuma kana gaban allo kana zancen ƙanƙara mai kaurin ɗaruruwan mita.

Abin da nike son su gane shi ne wanga. A Antatika ƙanƙarar da ke kan tudu tana gangarowa sannu a hankali har ta shiga teku, in ta shiga ba ta karyewa nan take, sai ta miƙe bisa ruwa kamar rumfa, gindinta na manne da ƙasa sauran jikin na iyo. Babbarsu ita ce rumfar Ross, girmanta ya kusa ƙasar Faransa. Kuma yawancin narkewar da ke damun masana ba rana ke yin ta daga sama ba, ruwan teku ne ke shiga ƙarƙashi yana ci, kamar yadda gara ke cin azara kai kana ganin ɗaki lafiya lau. Na faɗa, na zana a allo, sunka kwafe, amma ido ya nuna ba inda zancen ya shiga. Sai na ce bari mu gwada da hannu.

Na samo robobin alawa guda biyu masu haske waɗanda ake ganin ciki, na zuba fiya wata a kowace. Ɗaya na bar ta haka, ɗayar na sa mata gishiri daidai na teku, wato giram 35 a kowace lita, leda biyu ta fiya wata ke nan da kusan cokali biyu na cin abinci. Don a ga inda ruwan narkewa ke bi sai na ce ƙanƙarar ta zama mai launi, na tsaya wajen mai sanyi na sayi soɓorodo daskararre na leda. Kuskure na farko ke nan. Soɓorodon sayarwa cike yake da sukari, sukari kuma na ƙara wa ruwa nauyi, muna sakawa jan ya nutse ƙasa a duk robobin biyu, ba wani bambanci, yara na ta kallona ni ma ina kallon roba. Na ce a tashi sai wani sati.

Karo na biyu uwargida ta dafa min soɓorodo tsura ba sukari ba citta, munka ƙulla a ƙananan leda kai ɗaya, na kai ajiya firizar wani maƙwabci mai sola don tamu ba a dogara da ita. Da safe na naɗe su cikin buhu da tsumma na sa a kula, na hau mashin.

Kafin mu saka na tambaye su, wacce za ta riga narkewa? Kusan duk aji sunka ce ta ruwan gishiri. Ni ma wallahi haka na ɗauka, har da ƙarin bayani na yi musu cewa a ƙasashen sanyi gishiri ake watsawa bisa titi don ƙanƙara ta narke, wanda gaskiya ne, sai dai ba shi ne zancen ba a nan. Munka saka tare. Ta ruwan daɗi sai ga jan na zubowa ƙasa kamar zare, tana ta ƙanƙancewa, kafin wani lokaci ta ƙare ruwan duk ya yi ja. Ta ruwan gishiri kuwa tana nan zaune abinta, jan ya taru a sama ya yi layi kamar man ja bisa miya, ƙasan robar fari tas. Wata yarinya daga baya ta ce, Malam ai taka ta faɗi. Aji ya kwashe da dariya.

Na ce musu ku ba ni zuwa gobe, don ban son in yi ta kame-kame. Daren nan na zauna da waya har data ta kusa ƙarewa, kuma abin da na gano ya fi darasin da na shirya daɗi nesa ba kusa ba. A ruwan daɗi, ruwan da ya narke ya fi na robar sanyi don haka ya fi nauyi, sai ya nutse, mai ɗumi ya taso ya maye gurbinsa, kullum ƙanƙarar na haɗuwa da sabon ruwa. A ruwan gishiri kuwa ruwan narkewar ba gishiri gare shi, bai da nauyi, sai ya tsaya ya kewaye ƙanƙarar ya zame mata bargo. Ashe ɗumin ruwa kaɗai bai isa ba, sai ruwan ya samu hanyar motsi ya taɓa jikinta.

Kuma kusan irin haka masu bincike na Amurka da Birtaniya sunka tarar a ƙarƙashin rumfar Thwaites, wata ƙatuwar ƙanƙarar tudu mai gangarowa teku da ke yammacin Antatika. A farkon 2020 sunka huda ƙanƙarar da ruwan zafi, rami mai zurfin kusan mita 600, sunka zura wani siririn mutum-mutumi mai suna Icefin har kusa da inda gindin rumfar ke rabuwa da ƙasa. Sakamakon ya fito a 2023: inda cikin rumfar yake shimfiɗe sumul narkewar ba ta kai yadda anka zata ba, saboda wancan bargon na ruwa mara gishiri, amma cikin tsaga da wuraren da ke da gangare kamar matakala nan ne ruwa ke cin ta da sauri. Da na karanta haka sai na ji kunyar jiya ta ragu.

Washegari na koma da sauran ƙanƙarar. Munka sake na gishirin, amma wannan karon na ba monita ludayi na ce ya riƙa juya ruwan a hankali kamar mai shayi na narkar da sukari, nan da nan ta zube. Sannan munka ɗauki wata doguwa munka danna ta da kara a karkace cikin ruwan, sai ga jan na hawa yana bin cikinta zuwa sama. To haka yake can, ruwan da ya narke a gindin rumfa yana hawa yana bin gangaren, yana jawo wani ruwan gishirin a bayansa, zagayen bai tsayawa.

Inda yaran sunka fi gardama shi ne da na ce a can ruwan ɗumi a ƙasa yake, mai sanyi a sama. Duk wanda ya taɓa wanka a gulbi ya san sama ke da ɗumi ƙafafu na jin sanyi, yaya za a yi abin ya juye? Gishiri ne. Akwai wani ruwa mai zurfi da ke kewaye Antatika, ya fi na sama gishiri don haka yana kwance ƙasa, yana bin kwazazzaban ƙasan teku yana shiga ƙarƙashin rumfar Thwaites da ta maƙwabciyarta Pine Island a tekun Amundsen. Ɗumin nasa fa bai wuce kamar digiri 1 ba, wanda mu nan in ka samu irinsa a watan azumi sai godiya, amma ruwan teku sai ya sauka wajen digiri 1.9 ƙasa da sifili yake daskarewa, kuma in anka yi zurfin mita 1,000 nauyin ruwa na ƙara sauke wannan ma'aunin zuwa kusan 2.6 ƙasa da sifili. Ka ga ga ƙanƙarar da ke can ƙasa, digiri 1 ruwan zafi ne. Wanga sashe ba ya gwaduwa a robar alawa, a allo kawai na yi shi, kuma na lura rabin aji nan na bar su.

Wani yaro ya ce Malam to mu mi ya shafe mu, mu da ko teku ba mu da? Na ce rumfar da ke iyo in ta narke ba ta ƙara wa teku wani abin kirki, aikinta tokara ne, ita ke riƙe ƙanƙarar tudu. A 2002 rumfar Larsen B ta wargaje cikin 'yan makonni, ƙanƙarar da ke bayanta ta ƙara gudu zuwa teku. Thwaites kaɗai in ta ƙare za ta ɗaga teku da kusan santimita 65, na ce ya tambayi yayyensa da ke ci-rani Legas yadda unguwannin bakin ruwa suke ko yanzu in anka yi ruwan sama.

In wani malami zai gwada, ya fara yi a gida shi kaɗai kafin ya kai aji, kar ya buɗe baki ya yi alkawarin sakamako kamar yadda na yi, kuma ya bar ruwan gishirin ya natsu tukuna don in yana motsi layin ba ya fita. Ya kuma ƙulla ƙanƙara fiye da bukata. Ni guda goma na kai rana ta biyu, huɗu kawai munka yi aiki da su, da na waiwaya kula ba ko ɗaya, sai bakin 'yan layin gaba da ya yi ja suna yatsine fuska wai Malam wanga soɓorodo ba sukari.