Ranar da fayilolina duka suka zama tsara ɗaya

Na shafe shekaru ina ɗaukar hotunan tsofaffin takardun mahaifina, ina tara su a folda ɗaya a kwamfutata mai aiki da Linux, ba tare da na ba su sunaye masu ma'ana ba. Da na yi niyyar jera su bisa ranar da aka samar da kowanne, sai na rubuta gajeren rubutun Bash, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi, wanda zai bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi umarnin stat, mai nuna bayanan fayil, lokacinsu, ya zuba amsar wuri guda.

Harafi ɗaya ne ya fara ɓatar da ni. Na ga ana kiran ɗaya daga cikin lokutan ctime, na ɗauka harafin farkon yana nufin "creation", wato lokacin ƙirƙira, don haka na sa stat -c %z, wanda ke nuna ctime. Da jerin ya fito, duk fayilolin suka nuna wata Asabar guda, tsakaninsu 'yan daƙiƙu kawai. Na daɗe ina kallon allon kafin na tuna cewa a ranar ce na gyara izinin foldar gaba ɗaya da chmod -R. Ashe ctime lokaci ne na canji na ƙarshe a bayanan fayil, kamar izininsa ko mai shi, kuma yana motsawa ko da ba a taɓa abin da ke ciki ba.

Daga nan na koma ga %w, wanda shi ne ainihin lokacin haihuwar fayil. Tsarin ajiya na ext4 ya daɗe yana adana shi, amma sai a 2017 Linux 4.11 ya zo da statx, hanyar da manhajoji ke karanta shi, sannan umarnin stat ya fara amfani da ita a coreutils 8.31 na 2019, wato tarin umarnin da stat ke cikinsa. A tsohuwar kwamfutata %w alamar "-" kawai ya nuna, %W kuma, mai ba da lokacin a daƙiƙu tun farkon 1970, ya ba da sifili, wanda umarnin date -d ya mayar ƙarfe ɗaya na daren 1 ga Janairu, 1970 agogon Najeriya. Tun daga lokacin na sa wa rubutun sharaɗi cewa idan ya tarar da sifili ya rubuta "babu".

A sabuwar kwamfuta lokacin haihuwar ya fito, amma bai biya mini bukata ba, domin ranar da na kwafo takardun zuwa sabon faifai ya nuna. Duk fayil ɗin da aka kwafa sabon haihuwa ne a wurin da ya sauka, ko da hoton da ke cikinsa ya shekara goma. Wanda ya cece ni shi ne wanda na raina tun farko, wato %y, lokacin gyara na ƙarshe, tunda ban sake taɓa hotunan ba bayan ɗauka, kuma yawancinsu da umarnin kwafi na rsync -a na kwashe su, wanda ke riƙe wannan lokaci kamar yadda cp -p ke yi. Waɗanda suka biyo ta filashi mai tsarin FAT daƙiƙunsu duk sun zo bibbiyu, saboda daƙiƙa biyu-biyu yake ƙidaya lokacin gyara. Duk da haka ban ɗauki %y a matsayin shaida ba, domin umarnin touch -d yana iya mayar da shi duk ranar da mutum ya ga dama.

Da ƙanena ya gwada rubutun a Mac ɗinsa ya ƙi aiki, sai da muka canza zuwa stat -f tare da %m na lokacin gyara da %B na lokacin haihuwa.

Yanzu kafin in kwafi wata folda ina fara adana %Y da %W, wato lokacin gyara da na haihuwa a daƙiƙu, na kowane fayil, sababbin hotuna kuma ina sa kwanan wata a cikin sunansu tun ranar ɗauka. Waɗanda na taɓa kwafewa da cp kawai lokacinsu ya riga ya tafi, su na jera su ne da kwanan watan da mahaifina ya rubuta da hannunsa a saman kowace takarda.