Feritin a cikin kaskar kare: aikin da na yi a Jos da inda hannu ke gocewa

Wanda ya taɓa fasa ƙosasshiyar kaska ya san baƙin jinin da ke fita. Tamatar kaskar kare takan sha jini har nauyinta ya ninka kusan sau 100, kuma jini abinci ne mai haɗari domin cike yake da sinadarin ƙarfe. Ƙarfen da ba a ɗaure shi da komai ba yakan haɗu da haidirojin feroksaid da ke cikin sel, su haifi gubar da ke cin bangon sel da furotin da DNA, tamkar tsatsa daga ciki. Ga shi kuma kaska ba ta iya rayuwa ko yin ƙwai sai da ƙarfen. Abin da ke raba ta da wannan tsaka-mai-wuya shi ne feritin.

Feritin rumbu ne. Guntayen furotin 24 ke haɗuwa su yi ƙwallo mai rami a ciki, ramin kuma yana ɗaukar ƙwayar zarra ta ƙarfe har kimanin 4,500, a sigar da ba ta ɓarna. Kaska tana da iri biyu. Na ɗaya yana zaune a cikin sel, ajiya kawai yake yi. Na biyu hanji ne ke yin sa ya zuba shi cikin ruwan jikinta, shi ke dakon ƙarfe zuwa jakunkunan miyau da gidan ƙwai. Masu bincike a Jamhuriyar Cek ne suka fayyace wannan a 2009 a jikin Ixodes ricinus, kaskar Turai. Da suka toshe ƙwayar gadon da ke ƙera na biyu, sai feritin na ɗaya ya ƙaru a hanji, ya ragu a jakar miyau da gidan ƙwai: kaya sun taru a tasha, babu mota.

Akwai abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya taɓa kayan aiki. Mafi yawan ƙarfen jini yana cikin himoglobin ne, a ɗaure cikin hem, abin da ke ba jini ja. Kaska ba ta iya ƙera hem, ba ta kuma da sinadarin da ke fasa shi a ciro ƙarfen. Kaɗan take ɗiba ta kai wa ƙwai, sauran ta dunƙule shi a cikin sel ɗin hanji. Ƙarfen da take amfani da shi daga ruwan jini yake fitowa, wanda wani furotin mai suna tiransferin ke ɗauke da shi. A 2016 an nuna cewa kaskar da aka ciyar da ruwan jini zalla, babu himoglobin, ta ƙoshi ta yi ƙwai, amma ƙwan bai ƙyanƙyashe ba. Saboda haka baƙin da ka gani a hanji ba shi ne ƙarfen feritin ba, kuma wanda ya ruɗa su zai karanta sakamakonsa a baibai.

Na fara da tattara kaska daga karnukan gidaje a Bukuru da Tudun Wada da damina, lokacin da suka fi yawa. Cikin kunne, tsakanin yatsu da wuya su ne maɓoyarsu. Da hantsaki ake kamawa dab da fata a ja a miƙe, da safar hannu, ba a murɗawa. Tambaya ta farko ga mai kare ita ce yaushe aka yi masa wanka da magani, domin kaskar da ta sha maganin kaska na amitiraz jiya za ta mutu a hannunka ka ɗora laifin a kan gwajinka. Sai tantancewa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, don karnukan Filato ba iri ɗaya suke ɗauka ba. Rhipicephalus sanguineus, ruwan ƙasa, tana da idanu a gefe, gindin bakinta mai kusurwa 6 ne. Haemaphysalis ba ta da ido, gindin bakinta mai kusurwa 4, kuma ita ke ɗauke da ƙwayar cutar Babesia rossi mai saurin kashe kare. Tun 2021 ana kiran zuriyar R. sanguineus ta ƙasashe masu zafi da R. linnaei, don haka in kana neman jerin ƙwayoyin gadonta a rumbun bayanai na intanet, nemi sunayen biyu.

Kiwonsu ba wuya sai a wajen laima. Kowace tamata ƙosasshiya tana shiga kwalbarta, a rufe bakin da ƙyalle mai laushi, a jera kwalaben cikin babban mazubi mai murfi a ma'aunin zafi 27. A ƙasan mazubin nakan sa ruwan da aka narkar da gishirin fotasiyam kuloraid har ya ƙi narkewa, wanda ke riƙe laima wajen kashi 85 cikin 100. Gishirin girki yana ba da kashi 75, ya fi babu. Hunturun Jos ba ya yi wa wannan aiki sauƙi: dare ɗaya da wuta ta ɗauke a watan Janairu, akwatin ɗumi ya huce, wani ya bar murfi a buɗe, ƙwai suka yamutse kamar busasshen gero. In kuma ruwa ya taɓa kwalbar kai tsaye, fumfuna ce za ta cinye su. Waɗanda za a yi wa allurar toshe ƙwayar gado, da zan yi bayaninta a gaba, manya ne da ba su ci ba, mako 2 zuwa 4 bayan sun saɓa.

Wajen fiɗa, kada ka ɗauki wadda ta cika tam. Hanjinta kamar balam-balam yake, da ka taɓa ya fashe ya ɓata komai. Wadda ta yi kwana 4 ko 5 tana sha ita ce daidai. Ana manna ta a kan kakin da aka zuba a faranti, a rufe ta da ruwan gishirin PBS mai sanyi, a zagaye gefen jiki da tsinin reza, a ɗaga bayan kamar murfi. Hanji ne baƙi mai rassa a sama. Jakunkunan miyau farare ne kamar nonon inabi a gefe biyu ta gaba, gidan ƙwai kuma yana kwance a baya kamar takalmin doki. Kowanne da kwalbarsa. Hanji sai an tsaga shi an wanke sau 3, domin jinin kare ma yana da nasa feritin.

Ganin feritin da ido shi ne ɓangaren da ya fi daɗi. Ana niƙa naman a cikin PBS, a ɗumama a ma'aunin zafi 70 na minti 10. Yawancin furotin za su daskare kamar ƙwai a tafasasshen ruwa, feritin kuwa yana jure zafi, sai a juya a injin tacewa a ɗebi ruwan sama. A gudanar da shi a jel, wanda ke rarrabe furotin da wutar lantarki, ba tare da sinadarin SDS mai warware furotin ba kuma ba a tafasa ba, in ba haka ba rumbun ya wargaje ƙarfen ya zube. Sai a jiƙa jel ɗin cikin haɗin fotasiyam ferosayanaid kashi 2 da ruwan asid na haidirokulorik kashi 2, rabi da rabi, wanda aka haɗa a lokacin. Inda feritin yake, layi shuɗi zai fito can sama, kusa da na saifar doki da ake sawa a gefe don awo. Wannan rini ba ya kama ƙarfen da ke cikin hem, abin da ya sa yake da amfani ke nan. Amma yana kama kowane ƙarfe na banza. Karo na farko jel ɗina gaba ɗaya ya yi shuɗi-shuɗi, ashe da ruwan rijiyar burtsatse aka ɗauraye kwanon, ga hantsaki mai ɗigon tsatsa. Tun daga nan sai tataccen ruwa da kayan roba.

Kuskuren da ya fi cin lokaci a wajen PCR ya faru, wato gwajin da ke ninka ƙwayar gado don a iya auna ta. Na auna saƙon RNA na feritin na ɗaya, wato umarnin da sel ke karantawa ya ƙera shi, kafin ci da bayan ci, na ga bai motsa ba, na yi zaton faramomina, guntayen DNA da ke fara gwajin, su ne ba su da kyau, na sake yin oda. Ba su da laifi. Saƙon feritin na ɗaya yana da wani ƙulli a farkonsa, wanda wani furotin mai gadi ke zama a kai ya hana a karanta shi. Idan ƙarfe ya shigo, mai gadin ya saki, sai a shiga ƙera feritin daga saƙon da dama yana nan. Wato yawan saƙon ba ya gaya maka yawan furotin, dole sai ka auna furotin ɗin kansa. Na biyu ba shi da wannan ƙulli. Sauran matsalolin na gida ne: hem yana hana PCR tafiya, don haka RNA na hanji yana son ƙarin wanki, kuma inda firiza ba ta da tabbas ruwan adana nama na RNAlater ya fi, domin yana riƙe nama mako guda a ma'aunin zafi 25, wata guda a 4.

Toshe ƙwayar gado kuwa da RNA mai igiya biyu ake yi, tsawon harafi 300 zuwa 500, daga yankin da feritin biyun ba su yi kama ba, don kada ka harbi ɗaya ka sami biyu. Ana kwantar da kaska rigingine a kan salatif mai manne biyu, a soka allurar gilashi a fata mai laushi kusa da gindin ƙafa ta 4, a zuba rabin maikirolita mai ɗauke da kimanin maikirogiram 1. In ka ga baƙi ya biyo allura, ka huda hanji, jefar da ita. A bar su kwana guda a mazubin laima, waɗanda ke tafiya sosai su za a ɗora. Dole a sami rukunin shaida da aka yi wa allura iri ɗaya da RNA na abin da babu shi a jikin kaska, kamar GFP, wani furotin mai ƙyallin kore, domin allurar kanta tana kisa. Ana ciyar da su a kunnen zomo cikin jakar ƙyalle, da abin wuya don kada ya sosa, bayan izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji. A sa maza daidai yawan mata, don tamatar da ba a barbara ba ba ta cika ciki.

Kada a maimaita zomo. Kare ba ya samun garkuwar kirki daga cizon wannan kaska ko da ta shekara tana cizonsa, amma zomo yana samu. Da na sake amfani da wanda aka taɓa ɗora wa kaska, har 'yan rukunin shaida sun fito a tsumbure, zagayen gaba ɗaya ya tafi a banza.

A zagayen da ya tafi daidai, bambancin bai fito a ranar farko ko ta uku ba, duka sun kama fata sun zauna, kaska raɓi mai jini. Sai a ƙarshe, a kan sikeli da cikin kwalba: waɗanda aka toshe wa feritin sun faɗo ba nauyi, wasu sun mutu kafin su yi ƙwai, waɗanda suka yi kuma ɗan tsibi ne. Haka aka gani a Cek, haka kuma a Jami'ar Kagoshima ta Japan a jikin Haemaphysalis longicornis. Wanda ya tsaya ƙirga matattu a jikin dabba kawai zai ce ba abin da ya faru. Abin aunawa huɗu ne: kwanakin sha, nauyin tamata, nauyin ƙwai, da yawan da ya ƙyanƙyashe.

Nan ne maganar rigakafi ta shigo. Ba za a bi kaska ɗaya-ɗaya da allura ba, amma ana iya yi wa dabba allurar feritin na biyu, jikinta ya ƙera sojojin garkuwa, kaska ta sha su cikin jini, wasu su ratsa hanji su kama feritin a ruwan jikinta. Dabarar ba sabuwa ba ce, ita ce ta Bm86, furotin ɗin hanjin kaskar shanu da aka yi TickGARD da shi a Ostareliya da Gavac a Kyuba. An fi son na biyu saboda bai yi kama da feritin ɗin dabbobi masu shayarwa ba sosai, na ɗaya kuwa ya fi kusa da shi, ana gudun garkuwa ta juya kan mai ita. A gwajin 2010 an sami inganci kashi 98 a kan I. ricinus a zomaye, 64 a kan R. microplus da 72 a kan R. annulatus a shanu. Na Japan a 2014 ya ba da 34 ga na ɗaya, 49 ga na biyu. A lura, 64 ba ya nufin kaska 64 cikin 100 sun mutu. Lissafi ne da ya haɗa raguwar masu ƙoshi, raguwar ƙwai da raguwar ƙyanƙyasa. Kuma tun da cizo ba ya nuna wa jikin dabba wannan furotin, garkuwar ba ta sabunta kanta, sai an riƙa maimaita allura.

A ganina wannan irin makami ya dace da kaskar kare fiye da kowace, saboda a gida take rayuwa. Sau 3 take hawa kare a rayuwarta, kowane karo ta sauka ta shige tsagar bango, tamata ɗaya kuma tana iya zuba ƙwai kimanin 4,000. A gida mai katanga da kare 2 ko 3, duk kaskar gidan daga jininsu take sha, don haka rage ƙwai a kowane zagaye zai taru. Sai dai ba zai hana cizo ba, ga shi ƙwayar cutar Ehrlichia canis da wannan kaska ke ɗauka tana iya shiga jini cikin 'yan sa'o'i da kamawa.

Wani mai karnuka a Rayfield ya tambaye ni, "Likita, to allurar nan a ina ake samunta?" Na ce, "Alhaji, babu ta a kasuwa ko'ina a duniya tukuna, mu duba ɗakin karen." Tsagogin bangon cike suke har kusa da rufi, don wannan kaska hawa take yi. Abin da ke aiki yau shi ne a haɗa biyu a rana ɗaya: maganin jikin kare, ko wankan amitiraz a ma'aunin da ke jikin kwalba ko ƙwayar fuluralana ko afoksolana daga likitan dabbobi, da feshin bango daga ƙasa har sama, a maimaita bayan mako 2 don ƙwan da ke ɓoye, sannan a toshe tsagogi da siminti. Babbar kaska tana iya wuce shekara ba ta ci ba, don haka kulle ɗaki wata guda ba ya kashe ta. Fiya-fiya da baƙin mai da kananzir a jikin kare guba ne gare shi da yaran da ke wasa da shi, maganin ƙwari na famitirin kuma yana kashe kyanwa, in akwai ta a gidan.